Turmi na Goma

Safiyar Talata a shagon askin Thaddeus,
arewacin Filadelfiya, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa.
Ƙanƙara na narkewa a bakin ƙofa,
ina sharar gashin mutane, kunnena a buɗe.
Kwana uku ke nan da tashi daga damben,
amma a nan ba a kaɗa ƙararrawar ƙarshe ba.

Ƙarti biyu, turmi goma sha biyu:
Cleon Rutledge ɗan layinmu, da Sawicki mutumin Poland,
kowanne ya ɗara buhun siminti biyu,
ba wanda ya kai wani ƙasa.
Alƙalai biyu suka miƙa wa baƙo kambu,
ɗaya ya tsaya wa namu.
Tazarar maki biyu,
kaurin silin gashin da ke bakin tsintsiyata.

"Fashi da rana tsaka!" in ji Thaddeus,
almakashi na rawa a kan wani bawan Allah.
"Wa ya bi wani? Wa ya kai wani igiya?
Cleon na farauta, wancan na ja da baya
kamar wanda ya hango mai binsa bashi!"

Lorenzo direban bas bai ko ɗago daga jarida ba.
"Kora ba naushi ba ce.
Ka ƙirga hagun nan, shiga, fita, shiga, fita,
allurar keken ɗinki.
Cleon iska ya yi ta jibga,
iska kuwa ba ta ba da maki."

"Naushinsa ɗaya ya fi cizon sauro ashirin!"
"To a ɗaura masa kambun niyya."

Odessa mai sayar da gurasa ta leƙo,
dala ashirin ɗinta ta tafi da Cleon,
ta ce alƙalin tsakiya a kai shi a gwada masa tabarau.
Aka yi ta ja, aka yi ta tankaɗe da rairaya,
na uku na wannan, na takwas na wancan,
har magana ta tsaya cak a kan na goma,
inda aka rungumi juna, aka yi ta sukar haƙarƙari,
jini a gira, ba a san na waye ba.

Sai tsoho Pettiford ya yi gyaran murya.
Shekara hamsin yana rubuta makinsa da kansa,
ko da kuwa a rediyo ya ji.
Ya zaro rasiɗin kantin magani daga hularsa,
bayansa layi-layi da fensir.
"Biyar ga Cleon. Biyar ga baƙon.
Ɗaya na raba musu daidai."

"Sha ɗaya ke nan. Ina na goma?"

Gurbin fari fat.

"Vernell ta kira ni daga ɗaki," ya ce.
"Tari ya sarƙe ta, ruwan ya yi mata nisa.
Na tallafi kanta har ta haɗiye ƙwayar.
Kafin in dawo, an shiga na sha ɗaya."

Lorenzo ya miƙa masa waya:
"Ga shi nan, minti uku ne, kalla ka raba mu."
Tsoho ya ture ta da bayan hannu.
"Na riga na ji hukunci.
Idon da ya san ƙarshe ba ya alƙalanci,
shaida yake nema wa zuciya.
Su ukun can sau ɗaya suka gani,
daga gefe guda, da gumin wani a fuskarsu."

Jirgi ya wuce ta samanmu, madubi ya girgiza.
Ya ninke takardar gida huɗu,
ya mayar cikin hula.

Thaddeus ya kakkaɓe mayafin aski.
"Duk da haka dai fashi ne," ya ce a hankali.
"Wa ke biye?"